Kazar dutse da makomar tsaunukan Kano: Abin da dokar Abuja ba za ta iya yi ita kaɗai ba

A ƙarshen watan Oktoban 2025 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin dokar kare namun dajin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, watanni biyar bayan Majalisar Wakilai ta amince da shi. Ƙudirin, wanda ɗan majalisa Terseer Ugbor daga Jihar Binuwai ya gabatar a 2024, ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 12 da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu fataucin namun daji. Ya kuma bai wa masu bincike ikon bin sawun kuɗin 'yan fasa-ƙwauri da ƙwace kadarorinsu. Manufarsa ita ce ya maye gurbin dokar 1985, wadda ko bayan kwaskwarimar da aka yi mata a 2016 ba ta hana Najeriya zama babbar mashigar hauren giwa da sauran kayan daji zuwa kasuwannin Asiya ba.

Buƙatar sabuwar doka a bayyane take. A ranar 31 ga Yulin 2025 jami'an Kwastam a filin jirgin saman Murtala Muhammad da ke Legas sun kama tsuntsaye masu rai fiye da 1,600, tsirya da kanari, ana shirin fita da su zuwa Kuwait ba tare da takardun izini ba. Irin wannan kamu shi ne ke samun kanun labarai, domin akwai keji da za a ɗauka a hoto, akwai adadi, akwai kuma wanda za a tuhuma.

Sai dai akwai wata asarar da ba ta bi ta filin jirgi, ba ta kuma bi ta tashar ruwa. Tana faruwa ne a hankali a kan duwatsun kudancin Kano, a gonakin da suka koma filoti, da kuma cikin buhunan gawayin da ake saukewa kullum a unguwannin birni. Tsuntsuwar da ta fi dacewa a auna wannan asara da ita ita ce kazar dutse. Makomarta tana hannun masu raba fili, masu ba da lasisin fasa dutse, masu sayen gawayi da masu cinna wa daji wuta, kuma mafi yawansu suna zaune ne a Kano.

Wace ce kazar dutse?

Kazar dutse ƙaramar tsuntsuwa ce mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ja a kewayen ido da ƙafafu. Tsawonta kimanin santimita 25 ne, kuma takan ɗaga wutsiya sama in tana tafiya, kamar 'yar ƙaramar kazar gida, abin da ya sa Hausawa suka raɗa mata wannan suna. Masana kimiyya suna kiran ta Ptilopachus petrosus. Ana samun ta tun daga Senegal da Gambiya har zuwa Habasha da Kenya, a duk inda duwatsu suka haɗu da sarƙaƙiya da ciyawa. A Najeriya sananniya ce a tsaunukan Filato da dajin Yankari da duwatsun da suka warwatsu a ƙasar Zazzau, Bauchi da kudancin Kano.

Rayuwarta kacokan a ƙasa take. A ƙasa take kiwo, tana tsintar ƙwayar ciyawa, 'ya'yan itace da ƙwari. A ƙasa take saka ƙwai, huɗu zuwa shida, cikin ɗan rami a gindin dutse ko ƙarƙashin ciyawa. In ta ji motsi takan gwammace ta ruga ta shige tsakanin duwatsu a kan ta tashi sama, in ma ta tashi ba ta yin nisa. Tana yawo cikin ƙananan garke, kuma an fi jin ta fiye da ganin ta, domin da asuba da kuma gab da magariba garken kan haɗa murya su yi ta kuka mai kama da busar sarewa.

Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a wannan ƙarni ya zo da abin mamaki game da ita. An daɗe ana ɗaukar ta 'yar'uwar makwarwa, wadda wasu ke kira fakara. Sai bincike ya nuna cewa danginta na kusa su ne salwar nahiyar Amurka, kuma a duk Afirka tana da 'yar'uwa guda ɗaya tak, wadda ke zaune a kurmin Yuganda da gabashin Kwango. Ke nan tsuntsuwar da yaro ɗan ƙauye ke harbi da danƙo a gindin dutse ragowar wani tsohon reshe ce da ya rabu da danginsa na ƙetaren teku shekaru miliyoyi da suka wuce.

Waɗannan ɗabi'u su ne ƙarfinta, su ne kuma rauninta. Tsuntsun da ke tashi sama ya yi ƙaura yana iya sauya mazauni in aka ɓata masa wuri. Kazar dutse ba ta da wannan dama. Kowane dutse tamkar tsibiri ne gare ta, gonaki da gidaje kuma su ne ruwan da ya kewaye shi. In aka fasa dutsen, ko aka sare sarƙaƙiyar da ke gindinsa, garken da ke wurin ya ƙare ke nan, kuma da wuya wani ya zo daga nesa ya maye gurbinsa.

Sunan da ya rage, dajin da ya tafi

Wanda yake son ya fahimci yadda mazaunin irin waɗannan tsuntsaye ke ɓacewa ba ya buƙatar fita daga birnin Kano. Ya isa ya duba sunayen mazaɓun Ƙaramar Hukumar Tarauni. A cikin mazaɓu goma da take da su akwai Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu, Unguwa Uku, Darmanawa, Daurawa, Hotoro da Ƙauyen Alu. Sunan na ƙarshe shaida ce da ba ta buƙatar tafinta. Wuri ne da aka san shi a matsayin ƙauye a wajen ganuwa, gonakin gero da dawa da gyaɗa sun kewaye shi. Yau mazaɓa ce a tsakiyar birni, tsakanin tashoshin mota, shaguna, makarantu da gidajen haya.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da sunan ya nuna. A farkon shekarun 1950 mutanen birnin Kano ba su wuce kimanin 130,000 ba. A ƙidayar 2006, Tarauni ita kaɗai, mai faɗin murabba'in kilomita 28, tana da mutum fiye da 221,000, jihar kuma ta haura miliyan 9. Gonakin gefen birni, waɗanda su ne mazaunin makwarwa da salwa, sun koma filoti ɗaya bayan ɗaya. Dutsen Dala da Goron Dutse, waɗanda tarihin Kano ya fara a gindinsu, gidaje sun yi musu zobe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya siffanta Barbushe a matsayin maharbin da ke kashe giwa a wannan yanki. Yau yaron Gyadi-Gyadi da ke son ganin naman daji sai dai ya biya kuɗin shiga Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, kuma shi kansa gidan an taɓa sanar da shirin mayar da shi Tiga a 2020 saboda birni ya cim masa.

Ba wanda zai ce a rushe Ƙauyen Alu a mayar da shi gona. Bunƙasar birni ba laifi ba ce, mutane dole su sami wurin kwana. Abin lura shi ne birnin bai tsaya a iyakar gidajensa ba. Bukatunsa suna tafiya a mota zuwa nesa, su dawo da kaya. Biyu daga cikin kayan nan, tsakuwa da gawayi, daga gidan kazar dutse ake ɗebo su.

Tsakuwa, gawayi da wuta

Duk ginin zamani yana cin dutse. Gadar Dangi da ke bakin Gyadi-Gyadi, gadar Hotoro, aikin hanyar Abuja zuwa Kano, layin dogo na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, da dubban gidajen da ake zuba wa dakin, dukkansu suna buƙatar tsakuwa. Tsakuwar kuma daga duwatsu ake samun ta, a sa nakiya a fasa, inji ya niƙa, tifa ta kwashe. Wurin fasa dutse yana kawar da mazaunin tsuntsuwar baki ɗaya, ƙarar nakiya da ƙura kuma suna korar abin da ya rage a kewaye. A yankin Riruwai na Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda tsaunuka suka haura mita 1,000 kuma nan ne wuri mafi tudu a jihar, ana haƙar kuza tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma tsadar ma'adinai a kasuwar duniya ta sake jawo hankalin masu haƙa zuwa can.

Gawayi ya fi tsakuwa yaɗuwa. An janye tallafin kananzir tun 2016. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000 a 2024. Magidanci mai albashi da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari duk suka koma ga murhun gawayi, haka masu shayi, masu tsire da masu abincin sayarwa. Gawayi mai kyau kuwa daga itace mai tauri ake yin sa, irin su ƙirya, marke da kaɗanya, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Da yake gonaki sun riga sun cinye dajin da ke fili, ragowar itatuwan suna kan duwatsu ne da cikin gandun daji, wato daidai inda tsuntsuwar take fakewa.

Na uku shi ne wuta. Da zarar kaka ta wuce ciyawa ta bushe, sai a cinna wa daji wuta, wasu don su kori ɓeraye da gafiya da zomo, wasu don sabuwar ciyawa ta tsiro wa dabbobi, wasu don share gona. Tsuntsun da ke sheƙa a kan bishiya yana iya tsira. Wanda ke fakewa a ƙasa kuwa, wuta tana cinye maɓoyarsa da abincinsa a yini guda, ta bar shi a fili ga shaho da kare da ɗan tarko. A kan wannan an ƙara da maganin kashe ciyawa, wanda ya zama ruwan dare a gonakin Arewa cikin 'yan shekarun nan, yana kawar da ciyawar gefen gona da ƙwarin da 'yan tsaki ke ci.

Haɗarin kalmar "tana da yawa"

Mai musu zai iya cewa hukumar IUCN, wadda ke tattara jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa kazar dutse a rukunin waɗanda ba a damu da su ba. Haka ne. Amma wannan hukunci an yanke shi ne bisa faɗin nahiya, daga Senegal zuwa Habasha. Tsuntsuwa tana iya ƙarewa ƙurmus a Kano alhali tana da yawa a Mali, kuma jerin duniya ba zai motsa ba.

Kanawa sun ga irin wannan da idonsu. Ungulu ta kasance ba ta rabuwa da mayanka da kasuwanni, har ba mai ɗaga kai ya dube ta. A 2015 hukumar IUCN ta mayar da ita rukunin da ke gab da ƙarewa, bayan guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu sun rage ta a faɗin Afirka ta Yamma. Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Najeriya, ya kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan saboda kamu don kiwon ado a gidajen masu hali da kuma bushewar fadamu. Jiminar Sahara ta ƙare a dajin Nijar, har sai da aka buɗe wurin kiwon ta a Kelle don a ceto irin.

Ƙasashen waje ma suna da darasi. A Ingila, wata makwarwar gona da manoma suka saba gani a kowace gona ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1970. Dogon binciken da aka fara a yankin Sussex a 1968 ya gano cewa babban dalili shi ne maganin ciyawa, wanda ya kashe tsirran da ƙwari ke rayuwa a kai, 'yan tsaki suka mutu da yunwa. A Indiya, salwar tsaunukan Himalaya, mai zama cikin ciyawa da sarƙaƙiyar gangaren tsauni, ba a sake tabbatar da ganin ta ba tun 1876. A maƙwabciyar Najeriya, makwarwar Dutsen Kamaru, wadda ba a samun ta ko'ina a duniya sai a gangaren wannan dutse mai tsayin fiye da mita 4,000, tana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa saboda farauta da wutar daji. Rahoton ƙungiyar BirdLife na 2022 ya ce kusan rabin nau'o'in tsuntsayen duniya suna raguwa, kuma ɗaya cikin takwas yana cikin haɗari. Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne an farga ne bayan aikin gama ya gama.

Daga Falgore zuwa famfon Tarauni

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin sakatariyar Audu Bako yana da hujjar tambayar abin da ya haɗa shi da wata 'yar tsuntsuwa da ke kilomita 150 daga shagonsa ko ofishinsa. Amsar tana cikin ruwa.

Kogin Kano yana tasowa ne daga gangaren tsaunukan da ke kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a farkon shekarun 1970 kuma take ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ne ake shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda tumatir, shinkafa, alkama da albasa ke fitowa zuwa kasuwannin 'Yankaba da Dawanau da sauran sassan ƙasa. Kogin ya ci gaba har Tamburawa, inda ake tace ruwan da birni ke sha, sa'an nan ya haɗu da Challawa su nufi Haɗeja da fadamun Nguru.

Sarƙaƙiya da ciyawar da ke rufe gangaren tsauni su ne ke riƙe ƙasa in an yi ruwan sama, su rage gudun ruwan, su ba shi damar nutsewa. In aka sare su aka ƙone, ruwan yakan gangaro da ƙarfi ɗauke da yashi da laka, ya haƙa kwazazzabai a gonaki, ya jibge abin da ya ɗauko a cikin madatsa. Madatsar da laka ta cika tana ɗaukar ruwa kaɗan da rani, tana kuma saurin tumbatsa da damina. Asarar takan fito a farashin kwandon tumatir, a kuɗin da ake kashewa wajen tace ruwa, da a kuɗin jarkar 'yan garuwa a Ƙauyen Alu da Unguwa Uku.

Sarƙaƙiyar nan kuwa ita ce ɗakin kwanan kazar dutse. Inda ake jin kukanta da asuba, alama ce cewa gangaren yana da rufi. Inda ta yi shiru, ƙasar ta fara tsiraici. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A wannan karo birni ne ke shan ruwa albarkacin abin da ke rufa wa kazar dutse asiri.

Mafarauta ma suna cikin asarar

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, mai sarautu da ƙa'idoji, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa maharba dukkan laifi. Su ne ma suka fara ɗanɗana kuɗar ƙarewar nama. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka yi wa matafiya 16 kisan gilla a Uromi ta Jihar Edo. Mafarauta ne 'yan Arewa da ke dawowa daga Fatakwal don yin Ƙaramar Sallah a gida, da yawansu daga Torankawa ta Ƙaramar Hukumar Bunkure. Kisan laifi ne da ba shi da uzuri, kuma haƙƙin iyalansu ne a hukunta waɗanda suka aikata shi.

Bayan batun shari'a, abin ya bar wata tambaya da ya kamata mahukuntan Kano su riƙe. Tafiya farauta nesa da rani al'ada ce da aka gada, amma nisan da ake yi yanzu, har gaɓar teku, yana da alaƙa da yadda dazuzzukan gida suka koma gonaki ko suka zama mafakar 'yan bindiga. Dajin da ya ƙare yana tura mai sana'a zuwa inda ba a san shi ba, ba a jin harshensa, ana kuma kallon bindigarsa ta toka da idon tuhuma. Kare daji a gida, saboda haka, yana cikin kare rayuwar maharbi da sana'arsa.

Iko a rarrabe

Babbar matsalar ita ce ikon da ke kan dutse guda ya rabu gida-gida. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa fili a hannun gwamna. Ma'adinai da lasisin fasa dutse suna hannun Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Tantance illar aiki ga muhalli yana ƙarƙashin dokar 1992, sa ido kuma aikin hukumar NESREA ne da aka kafa a 2007. Farauta da gandun daji na jiha ne, kuma tushen dokarsu a jihohin Arewa shi ne dokar namun daji ta 1963, wadda aka rubuta lokacin da yawan jama'a bai kai kashi ɗaya cikin uku na yanzu ba. Ƙaramar hukuma tana karɓar haraji a kan lodin gawayi da itace, dagaci da mai unguwa kuma su ne suka san wanda ya shiga daji. In kowa yana da hannu a abu, ba wanda ake kamawa da laifin lalacewarsa.

Dajin Falgore misali ne. An keɓe shi tun shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya shafi Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. Da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin, sai aka mayar da wani sashe nasa filin atisayen soja a 2017. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙirƙirar sabbin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore na cikinsu. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu tsaron daji domin dazuzzuka 1,129 na ƙasar. Duk waɗannan matakai suna da amfani, amma mafi yawansu tsaro ne ya haife su. Jami'in da aka horar don fatattakar ɗan bindiga ba lallai ba ne ya tsayar da motar gawayi, sai in an sa hakan cikin aikinsa a rubuce.

Gwamnatin Kano ta ɗauki wani mataki a 2025 da ta haramta amfani da injin sare itace ba tare da izini ba. Mataki ne da ya dace, amma ƙarfinsa ya dogara ga abin da zai faru a Doguwa da Tudun Wada, nesa da idon 'yan jarida, da kuma ko magidancin birni zai sami abin girki da ya fi gawayi sauƙi. Dokar da ta hana sara ba ta rage buƙata ba takan ƙara farashi ne kawai, ta kuma buɗe ƙofar na goro a shingayen hanya.

Abin da Kano za ta iya yi

Matakin farko shi ne ƙidaya, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ragu. Akwai tushe a ƙasa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da dajin Amurum a Jos, wadda aka kafa a 2001, ta horar da ɗalibai da dama daga Arewa, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda masu sa kai ke rubuta abin da suka gani a wayoyinsu. Ma'aikatar Muhalli ta Kano tana iya haɗa hannu da ita da Jami'ar Bayero a riƙa ƙirga tsuntsayen ƙasa a zaɓaɓɓun duwatsu sau biyu a shekara. Kazar dutse tana da sauƙin ƙirgawa, tunda kukanta na asuba ya isa shaida, kuma maharba sun fi kowa sanin inda take.

Na biyu shi ne a fitar da jerin duwatsun da ba za a fasa ba. Jihar ba za ta daina buƙatar tsakuwa ba, amma ba kowane dutse ne ya kamata a sa wa nakiya ba. Gwamna yana da ikon fili, kuma mai neman lasisi yana buƙatar amincewar masu ƙasa. Da wannan iko ana iya keɓe duwatsun da ke bakin koguna da waɗanda ke da tarihi, a tattara aikin fasa dutse a wurare ƙalilan, a kuma wajabta wa kamfani gyara wurin in ya gama. Tsarin hurumi, wanda Hausawa suka sani tun kafin zuwan Turawa, shi ne sunan wannan a gargajiyance.

Na uku shi ne a sabunta dokar farauta ta jiha tare da sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta: a tsayar da watannin da ba a taɓa tsuntsayen ƙasa saboda suna kan ƙwai, a hana farauta da wuta da guba, a kuma ba maharba rajista da katin shaida, wanda zai amfane su har a kan hanya. Dokar da masu sana'a suka sa hannu a rubuta ta ta fi daɗewa a kan wadda aka aiko musu daga ofis.

Na huɗu yana hannun 'yan kasuwa. Kiwon zabi da salwa ya riga ya kafu a Kano, kuma yana iya biyan buƙatar masu son naman tsuntsun daji ba tare da an taɓa na dawa ba. Murhu mai rage cin gawayi, curin gawayi na ɓawon shinkafa daga injinan casa na Kura da birni, da sayar da gas a ƙananan awo, duk kasuwanci ne mai riba in an sami jari. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an tsara shi ne don farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kare magudanan ruwa. Gangaren da ke ciyar da Tiga ya cancanci zama a sahun gaba na abin da Kano za ta kashe kasonta a kai.

Ƙudirin da Majalisar Tarayya ta amince da shi zai taimaka wajen kama mai fitar da kanari zuwa Kuwait da mai safarar hauren giwa. Tifar tsakuwa da motar gawayi da ke shigowa ta hanyar Zariya kuwa, takardunsu a Kano ake sa musu hannu, kuɗinsu a Kano ake biya. A cikin shekara saba'in Ƙauyen Alu ya tashi daga ƙauye ya zama tsakiyar birni, ba tare da wani ya rubuta ranar da makwarwa ta daina kuka a gonakinsa ba. Tsaunukan Riruwai da duwatsun Falgore suna nan da sauran rufinsu, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.